Kananado ko ɗan wuri a bayan gida?

Hajiya kin tambaya tsakanin kananado da waken zamani mai saurin nuna, wato ɗan wuri, wanne ya dace da ɗan filin bayan gidanki, kuma wanne ya fi daɗin girki. Ni dai in filin ƙarami ne ɗan wuri zan ce ki sa.

Irin su SAMPEA ɗin nan, waken zamani da cibiyar binciken noma ta IAR Samaru Zariya ta fitar, yawancinsu a tsaye suke girma ba sa yaɗo sosai, kwana 60 zuwa 75 kin fara tsinka. Ki bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 20 tsakanin rami da rami, ƙwaya biyu a rami ta isa. In ƙasarki na da ciyawar wuta-wuta ki nemi SAMPEA 10, yana jure mata. Amma fa kar ki yi gaggawar shuka da ruwan farko, dan in ya nuna cikin ruwan Agusta kwanson ruɓewa yake yi, ki bari sai tsakiyar Yuli.

Kananado kuwa wallahi fili yake so, yaɗo zai yi ta yi har ya hau kan kuɓewa da alayyahun da kika sa a gefe, kuma ko tun Yuni kika shuka ba zai yi fure ba sai yini ya fara gajarta bayan damina ta ja baya, kafin nan sai ganye kawai kike kallo. Ribarsa harawa ce in kina da awaki, sannan yana bushewa lokacin da ruwa ya ɗauke, ƙwayar ta fito fes.

Dukkansu sai kin sa ido kan ƙwarin darɓa da tsutsar da ke huda kwanso, musamman lokacin fure, kuma kar ki zuba musu yuriya da yawa.

A girki kam kananado ya yi gaba, gaskiya ɗaya ce. Ƙwayarsa manya, kina jiƙawa ki ɗan surfa ɓawon ya fita, ƙullun ƙosai kina bugawa yana tashi, alale ma haka. Ɗan wuri ya fi ƙanana amma a garau-garau da mai da yaji ba wanda zai gane bambanci, ki ɗan jefa kanwa kaɗan in kin ga yana jan lokaci kan wuta.

Dan haka ki shuka ɗan wurin, ranar da ƙosai ya biya miki ki aiki yaro ya auno kananado a kasuwa. Wanda kika girbe ki shanya shi ya bushe ƙarau kafin ki zuba a jarka mai murfi, ki cika ta har baki saboda ƙwari.