Shagon kayan tsofaffin Vespa da na shiga a Italiya, ga yadda muka kaya

Jama'a tunda na dawo ake ta tambayata wai ya kayan can suke, da gaske sun fi wanda muke samu a nan ko dai suna ne kawai, to bari in faɗi abin da idona ya gani. Ni dai aikina gyaran tsofaffin Vespa ne da sayar da kayansu, irin waɗanda iyayenmu malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suka hau a shekarun 1970 da 1980, yanzu kuma 'ya'yansu ke jawo su daga zaure suna cewa a tayar musu da ta Baba. Maigidana ne ya tura ni in nemo mana dilan da za mu riƙa hulɗa da shi kai tsaye.

Na sauka Pisa na hau jirgin ƙasa zuwa Pontedera, garin da kamfanin Piaggio ya fara ƙera Vespa a 1946. Kafin komai sai da na leƙa Museo Piaggio, gidan tarihin kamfanin, yana cikin tsohon ginin masana'antar ne, da ƙafa ma za ka taka daga tasha. Nan na ga Vespa 98 ta farko wadda Corradino D'Ascanio ya zana, mutumin da asalinsa injiniyan jirgin sama ne, shi ya sa bodin ya zama ƙarfe guda mai ɗauke da kansa ba firam a ciki. Wallahi na fi awa biyu ina zagaye.

Amma shagon da ya kai ni yana can wajen gari, ba zan kama suna ba don ban nemi izinin mai shi ba. Wani dattijo ne da ɗansa, wurin kamar sito, kanta har rufi, kowane kwali an rubuta masa haruffan farkon lambar shasi masu nuna samfurin Vespa, VBB daban, VBC na Super daban, VLB na Sprint daban, VLX na PX 150 daban. Wannan tsarin shi ya fara burge ni, domin mu a nan sai mutum ya zo ya ce a ba shi kuloci na Vespa kawai, alhali Super taya inci 8 gare ta, Sprint da PX inci 10, kayan da yawa ba sa shiga juna. Dattijon nan ba zai miƙo ma ko noti ɗaya ba sai ka nuna masa lambar shasi da ta inji, na buɗe hotunan da ke wayata muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ya jin Turanci ni ba na jin Italiyanci, waya ce ke mana tafinta amma mun fahimci juna sarai.

Abin da ya sa na yarda da shi kuwa shi ne da na miƙa masa jerin kayan PX mai tsawo, sai ya ɗauki biro ya soke kusan rabi, ya ce kada in ɓata kuɗina, PX ta fito tun 1977 kuma masana'antar LML ta Kanpur a Indiya ta daɗe tana yin irinta kafin ta rufe, su wayar kuloci da wayar giya da robobi da gilashin fitila duk zan samu masu araha daga can su yi min aiki. Ya ce abin da ya cancanci in ɗauko daga wurinsa shi ne kafireta Dell'Orto SI ta asali, da fistin da ringi, da oyil sil na kurankishaf, da gicciyen nan na cikin giya wanda in ya cinye sai ka ji giya tana fita da kanta kana tsaka da tafiya. Ɗan kasuwa ya rage wa kansa ciniki da hannunsa, ni kam ban saba gani ba.

Washegari ɗan nasa ya kai ni gidan wani mai tara su, abokin cinikinsu ne, Vespa GS 150 ce da Rally 200 da babur Lambretta guda biyu na kamfanin Innocenti a jere a gareji. Shi ya nuna min yadda suke bin bodi da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa to an cusa fila an fesa fenti a kai, kuma a wurinsu wadda ke da fentinta na asali ko da ya koɗe ta fi wadda aka sake wa fenti tana walƙiya daraja. Nan gabana ya faɗi, don na tuna yawan waɗanda muka kankare muka fesa wa sabon launi saboda mai ita ya ce yana so ta yi ƙyalli.

Inda ban ji daɗi ba, na farko tsada, kuɗin yuro ne in ka juya shi zuwa naira sai kanka ya yi nauyi, kuma babu tayi, abin da ya rubuta shi ke nan. Sannan da rana suna rufewa su tafi cin abinci, ranar farko na iso daidai lokacin na zauna a bakin ƙofa har wajen ƙarfe uku. Babbar matsalar kuma ba sa turo kaya Najeriya, sai dai ka nemo ejan da kanka ya haɗa maka a kwantena, sannan a cikin kwalin da na taho da shi na tarar an sa min gasket na 125 maimakon na 150, na tura musu hoto sun amsa kuskurensu ne amma har yau ina jiran musanya.

Zan koma in Allah Ya yarda, amma kayan cikin inji kawai zan ɗauko. Kafiretar da na kawo na ɗaura ta a Sprint ɗin wani Alhaji da ta shekara tana ba mu wahalar tashi da safe, na haɗa mata mai da baƙin mai kashi 2 cikin 100 yadda aka saba, bugu na biyu ta kama, kuma sati uku ke nan bai kira ni ba.