Gargaɗi ga masu sayen tsofaffin motocin tsere: jan fenti a kan kalifa ba gyaran birki ba ne

Masu sha'awar tsofaffin motocin tsere irin su Mercedes SL ta 1971 zuwa 1989, ko Chevrolet Corvette, ko Jaguar E-Type, ku yi hattara da dillalan da ke tallar mota a intanet da kalmar "an sabunta birki gaba da baya". Galibin irin waɗannan motoci daga Amurka da Turai ake ɗauko su, su sauka a Kwatano ko Legas, kuma sau da yawa cinikin biri a sama ake yi: hoto kawai mai saye ya gani ya tura kafin alƙalami. Wasu masu sayarwa sun gano cewa gwangwanin fenti ɗaya ya fi gyaran kalifa huɗu araha nesa ba kusa ba.

Kalifa ita ce ƙarfen da ya rungumi faifan birki. A cikinta akwai fistin da man birki ke turawa ya matse fad, wato abin da ke gogar faifai ya tsayar da taya, a jikin faifai. Motar da ta shekara a ajiye, man birkinta ya riga ya sha danshi, ruwan ya kwanta a cikin kalifa ya ci fistin da tsatsa, robar da ke tare mai, wato sil, ta bushe. Daga nan ko ta fara yoyo ko fistin ya maƙale. Gyaran gaskiya sai an kwance ta an canza sil da fistin. Mai algus kuwa wanke ta zai yi, ya fesa mata jan fenti tana ɗaure a mota, ya zuƙe baƙin man da ke cikin tankin masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu, ya zuba sabo a sama. Wasu ma murfin roba ko na alminiyam mai ɗauke da sunan Brembo, shahararren kamfanin kayan birki, suke mannawa a kan tsohuwar kalifa. Fentin da aka fesa a mota ba ya ɓuya: za ka gan shi a kan tiyo, a kan bayan fad, a kan noti, har ya toshe bakin nipul ɗin da ake cire iska da shi.

Wannan duk kwaskwarima ce. Wanda ke kisa shi ne toshe layi. Idan kalifar baya tana yoyo, sai a matse bututunta da filaya, ko a cusa ƙwallon boris a mahaɗa, ko a ɗaura noti a gurbin bututun. Mai ya daina zuba, feda ta yi tauri har ta fi ta lafiyayyar mota, mai saye ya taka ya ce madalla. Alhali ƙafa uku ko biyu ne ke kama birki. A tafiyar cikin unguwa ba za ka ji komai ba. Ranar da ka taka da ƙarfi a kan babban titi motar za ta fizge gefe guda.

Don haka kada a tuƙa ta daga inda aka sauke ta. A ɗora ta a mota a kai gareji, a ɗaga ta a kan ƙafafun ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ba, a cire tayoyi huɗu. Mutum ɗaya ya taka birki, wani ya gwada juya kowane faifai da hannu: dole kowanne ya kame, kuma da an saki feda ya sake juyawa. Sannan a buɗe nipul na kowace kalifa ana taka feda. Wadda ba ta fitar da mai ba, a bi bututunta har masta, domin ko an toshe shi ko ya toshe da kansa. A duba launin abin da ya fito ma. Idan tanki fari tas ne amma na nipul baƙi kamar shayi, kun gane aikin da aka yi.

Idan ƙafa ta ƙi sakin faifai bayan an ɗaga feda, a buɗe nipul. Ta saki nan take? To tiyon roba ne ya rufta ta ciki, yana barin mai ya shiga ba ya barinsa ya koma. Idan ba ta saki ba, fistin ne ya maƙale. A ɗaga gefen robar kare ƙura a leƙa: bayanta ya kamata ya zama a bushe, jiƙa kaɗan ma yoyo ne. Nipul kuma a sama yake zama. Idan kun gan shi a ƙasa, an sa kalifar dama a hagu, kuma ko kwana za a yi ana cire iska ba za ta fita ba.

Kowace mota da nata ciwon. Corvette ta 1965 zuwa 1982 fistin huɗu ne a kowace kalifa, kuma irin sil ɗinta na asali ya shahara da yoyo idan mota ta daɗe ba ta motsa ba. Faifai mai ɗan karkata kuma yana sa fistin ya riƙa zuƙo iska, feda ta yi laushi bayan 'yar tafiya. Maganin da aka sani shi ne sa wa ramin fistin riga ta ƙarfen da ba ya tsatsa, abin da ba a gani daga waje, shi ya sa ƙarya a kansa take da sauƙi. A nemi rasit ko a kwance guda ɗaya a gani. Jaguar E-Type kuwa birkinta na baya a ciki yake, kusa da difarenshal, wato akwatin giyar da ke raba juyi ga tayoyin baya, kuma gyaran kirki yakan kai ga sauke ƙafar baya gaba ɗaya. Nan ne wurin da aka fi tsallakewa, don haka nan za a fara haska tocila.

Sai batun mai. Nau'o'in man birki da ake kira DOT 3 da DOT 4 suna shan ruwa daga iska. DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma idan ya sha ruwa yana iya sauka zuwa 155, kuma man da ya tafasa tururi ne, feda za ta nutse har ƙasa. DOT 5 na silikon ne, launinsa shunayya, ba a haɗa shi da sauran. Idan robar murfin tanki ta kumbura ta yi laɓo-laɓo, an taɓa zuba man inji ko na sitiyari, kuma duk wata roba da ke cikin birkin sai an canza ta. Lita ɗaya ta sabon mai takan isa a wanke layi duka. Fad da ya gaza milimita 3 a jefar. Faifai kuma an buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa, a auna a gwada. Kalifa, fad da faifai bibbiyu ake canza su, dama da hagu tare.

Gwajin ƙarshe a fili mara jama'a, a hankali. A taka birki sau biyar ko shida, a tsaya a auna zafin kowane faifai da na'urar auna zafi daga nesa, ba da yatsa ba. Wanda ya fi ɗan'uwansa zafi sosai yana maƙalewa, wanda ya zauna da sanyi kuma tsatsarsa ba ta goge ba, ba ya aiki.

Wanda bai biya ba tukuna, ya nemi rasit mai lambobin kaya da hotunan kalifa a kwance kafin a haɗa ta, ya kuma riƙe cikon kuɗi sai makanikensa ya gama wannan dubawa. Dillalin da ya ce ba za a cire taya ba sai an biya, a bar masa motarsa.