Turare ko atili: wanne za a dasa a duwatsun Jos?

Tun da maganar ɗumamar yanayi ta yawaita, mutane ke ta tambayata wanne ya kamata su dasa a gangaren duwatsunmu, bishiyar turare (eucalyptus) ko atili.

A manyan tsaunuka irin su Himalaya, sanyi ne ke hana bishiya hawa sama, shi ya sa da zafi ya ƙaru, a wasu wuraren daji ke matsawa tudu sannu a hankali. Namu daban ne. Ko Dutsen Shere, mafi tsawo a yankin Jos, bai kai mita 2,000 ba, don haka ba sanyi ke hana bishiya a nan ba. Gatari, gobarar daji da haƙar kuza ne suka cinye mana itatuwa.

Turare na da araha, ga saurin girma, ko a jar ƙasar da masu kuza suka bari yakan kama. Sai dai shan ruwa gare shi, kuma shuka ba ta yin kyau a gindinsa. Wannan na damuna ƙwarai, musamman shekarar da damina ta yi gardama.

Atili kuwa sai da haƙuri, a yi ta kare shi daga awaki, a jira shekaru kafin ya haihu. Amma 'ya'yansa da mansa kuɗi ne, har jikoki za su ci.

Mai neman itacen girki da sandunan gini a ƙasar da ta gaji, turare ne nasa. Mai gonar gado da ba ya gaggawa, ya dasa atili.