Gargaɗi ga 'yan Abuja masu zuwa Masar: a yi hattara da mai tallan "shatar yini ɗaya" zuwa dala da tsohuwar Alƙahira

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in haɗiye, domin ba wanda ke son fitowa ya ce an yi masa wayo, balle mai ganin kansa ɗan birni. Amma shekaranjiya bayan isha'i a masallacinmu na Gwarinpa wani bawan Allah ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Alhaji, ka san mutumin nan? Zan kai iyali asibiti Alƙahira wata mai kamawa, ina so in biya." Na san shi kuwa.

Ba zan kama suna ba, don sunan ba zai amfane ku da komai ba. Sau biyu ya sauya shi tun da na san shi. Salon aikinsa ne bai sauya ba.

Mun kai Hajiya, mahaifiyata, aikin gwiwa a Alƙahira, ni da ita da ƙanwata. Tun muna Abuja muka san cewa tsakanin gwaje-gwaje da ranar aiki akwai yini ɗaya tak da ba mu da komai. Hajiya ba ta nemi da yawa ba. Ta ce tun tana yarinya take jin malamai na ambaton Azhar, tana so ta yi raka'a biyu a ciki, in da hali ta ziyarci kabarin Imamu Shafi'i. Ni kuma dala nake son gani. Tunda ba ta iya doguwar tafiya da ƙafa, ba ta kuma jure dogon zama, muka ce sai dai shata: mota tamu mu kaɗai, mu tsaya inda muke so, mu juya idan ta gaji.

A wani zauren WhatsApp na ga tallan. Mota mai sanyi ku kaɗai, jagora mai jin Hausa, dalar Giza, Saƙƙara, kufan Manfis, gawar Fir'auna, ganuwar Salahuddin, Azhar, Imamu Shafi'i, kasuwar Khan Khalili, abincin rana, kuma duk tikiti a ciki. Na kira, ya ce mu haɗu a wata filaza a Wuse 2. Da na isa sai ya tare ni a gidan abincin da ke ƙasa, wai ana fenti a ofis a sama. Fara'a kamar mun shekara goma da sani. Ya tambayi jikin Hajiya sau uku, ya yi mata addu'a mai tsawo har na ji kunya. Da na ce ko zan biya rabi yanzu rabi idan mun sauka, sai ya dafa ƙirji: "Haba Alhaji, ai mu 'yan gida ne. Misirawa ba sa ajiye mota sai sun ga kuɗi cif." Na tura naira 480,000 cikin asusu mai sunan mutum, ba na kamfani ba. Rasit ɗina shi ne saƙon da ya turo: an gani, Allah ya sa albarka.

Ƙarfe bakwai na safe aka ce. Muna ƙofar masauki, Hajiya a kan kujerar roba da sandarta, har tara da rabi ta gota. Sannan wata farar bas ta tsaya, cike da mutane goma sha ɗaya da ban taɓa gani ba. Direban ba Hausa, ba Turanci, sai takarda a hannunsa da sunana a rubuce a karkace. Na kira Abuja. "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, taku ce ta samu matsala da asuba. Ku shiga wannan, jagoranku na jiranku a Giza." Da ƙyar muka ɗaga Hajiya ta hau matakalar.

Tsayawar farko ba dala ba ce, shago ne na takardar bardi, irin wadda Misirawan zamanin Fir'auna suke rubutu a kai. Aka jera mu, aka nuna mana yadda ake yanka karan a jiƙa a danne, sannan aka buɗe ƙofar ɗakin ciniki. Minti arba'in. Daga nan shagon turare, da shayi kyauta, da wani mai zaƙin baki da ya iya "sannu" da "madalla". Wani minti arba'in. Ban gane abin da ke faruwa ba sai da na ga direban ya zagaya baya yana sa hannu a wani littafi. Kowane kai da ya sauke a shagon yana da kamasho, ko an saya ko ba a saya ba, idan an saya kuma ya ƙaru. Mu ne hajar.

Rana ta take muka isa Giza. Ba jagora. Tikitin da aka ce yana ciki, ba ya ciki, kuma a tagar sayarwa da katin banki ake biya, ba a karɓar tsabar kuɗi. Allah ya taimaka katin ƙanwata ya yi aiki. Shiga cikin babbar dalar ma tikitinsa daban ne, wannan kowa ya riƙe. Direba ya nuna agogo, ya ɗaga yatsu: minti arba'in da biyar.

Gaskiya gani ya kori ji. Mu da muka tashi da labarin dalar gyaɗa ta Kano, sai ka tsaya gindin dalar Khufu ka ga jerin duwatsun ƙasa kaɗai ya kai maka ƙirji. Tsayinta na asali ya kai mita 146, ta kuma shekara wajen 4,500 a tsaye. Ga ta Khafra da ta Mankaura a gefe, ga gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum da Larabawa ke kira Abul Haul. Wuri ne da ke son awa biyu ko uku da wanda ya san shi. Mu kuwa rabin lokacinmu ya tafi wajen raba ƙanwata da mai raƙumi, wanda ya ce hawa kyauta ne don hoto, da ta hau ya miƙar da raƙumin, sai saukowa ta zama ta kuɗi. Hajiya ta tako 'yan taku kaɗan daga mota, ta tsaya da sandarta tana kallo, ta koma.

Saƙƙara, aka ce mana an rufe yau. Ƙarya ce, washegari na tabbatar. Manfis ko sunanta ba a sake ambata ba. Aka kai mu wani gidan abinci, muka biya da kanmu, aka ƙara shagon kayan auduga. Bayan magariba bas ta tsaya kusa da Khan Khalili cikin cunkoso, aka ce rabin awa. Azhar na tsallaken titi. Ga hasumiyoyin da fitilu, muna kallonsu ta gilashi. Ƙafar Hajiya ta kumbura, tun safe take naɗe a kujerar baya, ba ta iya saukowa. Na ce, "Hajiya, ko in nemo keken guragu?" Ta ce, "Bar shi, ɗan nan. Na gan shi ai." Kwana biyu bayan haka aka yi aikin, daga gadon asibiti sai masauki, daga masauki sai filin jirgi.

Da na dawo hayyacina na buɗe taswira, sai na ga ashe tallan da kansa ya tona asirinsa, ni ne ban duba ba. Giza tana yamma da kogin Nilu. Saƙƙara tana kudu, wajen kilomita 30 daga tsakiyar Alƙahira, can ne dalar Zosar mai hawa shida take, wadda ta girmi na Giza. Kufan Manfis, tsohuwar hedikwatar Masar, yana ƙauyen Mit Rahina kusa da nan, inda ƙaton gunkin Ramsis na biyu ke kwance. Waɗannan uku su kaɗai yini ne cikakke, kuma haka kamfanonin kirki ke sayar da su, domin wuraren tarihin tun wajen ƙarfe huɗu ko biyar na yamma ake rufe su. Tsohuwar Alƙahira kuwa tana gabashin kogin, yininta daban: masallacin Amru bin Asi a Fusɗaɗ, na farko da aka gina a Masar, tun wajen shekarar 642, Azhar da aka buɗe a 972, ganuwar da Salahuddin ya soma a 1176, kabarin Imamu Shafi'i wanda ya rasu a 820. Tsakaninsu duka akwai cunkoson da na Nyanya da Mararraba ba ya kama ƙafarsa. Duk wanda ya jera maka wurare takwas cikin yini ɗaya, ko bai taɓa zuwa ba, ko ya san ba zai kai ka ba.

Batun gawar Fir'auna ma tarko ne da ya san yana kama mu. Ba a dala take ba. Tun watan Afrilun 2021 aka kwashe gawawwakin sarakuna 22, maza da mata, daga tsohon gidan tarihin da suke, har da ta Ramsis na biyu da wasu ke dangantawa da zamanin Annabi Musa, aka mayar da su gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, mai tikitinsa na kansa. Ka tambayi mai talla a wane gini gawar take. Idan ya ce a cikin dala, ka tashi.

Wani ɗalibinmu da ke karatu a Azhar, wanda ya riƙa yi mana tafinta a asibiti, shi ya kira direban ya ji ta bakinsa. Direban ya ce shi bai san wata shata ba. Wani dillali a can ya saya mana kujeru uku a bas ɗin gama-gari, irin mai arha da ke rayuwa da kamashon shaguna. Abin da aka biya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗina ba, sauran yana Abuja. Wayon mutumin ke nan: ba ya ɓatan dabo da kuɗinka kamar ɗan damfarar da muka saba. Yana ba ka inuwar abin da ka saya. Mota ta zo? Ta zo. Ka ga dala? Ka gani. Da na dawo na same shi, abin da ya faɗa ke nan, yana murmushi, ya ƙara da cewa tafiya ai sai da haƙuri. Ya yi alkawarin mayar da rabi, yau wata bakwai. Na je saman filazar nan, ɗakin da ya nuna mini na masu ɗinkin labule ne. Wani lauya abokina ya ce ana iya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ko wajen 'yan sanda, amma da me? Tallan ya goge shi, saura duk a baki muka yi. Alat ɗin banki kawai ke hannuna, shi kuma bai ce mota ta mutum uku ba ce.

To ga abin da na gaya wa bawan Allahn nan a masallaci. Kalmar shata ba ta da nauyi sai an rubuta abin da ke cikinta: mota ta mutum nawa, wace iri, ƙarfe nawa za ta zo, ƙarfe nawa za ta dawo da ku, wurare nawa kuma da wane jeri, awa nawa a kowanne, wane tikiti ke ciki wane ne ba ya ciki. A rubuta ƙarara cewa ba tsayawa a shago sai kun nema. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, minti biyar zai turo maka. A nemi sunan kamfanin da zai ɗauke ku a can Masar, ba na dillalin Abuja kaɗai ba, da sunan jagoran, domin jagororin yawon buɗe ido a Masar lasisi gare su daga gwamnati kuma suna ɗauke da katin shaida. "Jagora mai jin Hausa" galibi ɗalibi ne da zai yi tafinta, wannan ba laifi ba ne, amma a faɗa maka gaskiya, kuma ka ji muryarsa a waya kafin ka biya.

Kamfanin nan gida kuma a duba rajistarsa a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kyauta ne, a ga ko sunan ya yi daidai da na asusun da aka ba ka. Masu haɗa wannan yawon da Umara, a tambayi lasisin hukumar alhazai, NAHCON. Ofis kuma a hau sama a gani, ko da ana fenti.

Mafi sauƙi duka, kada ka biya daga Abuja. Ba ƙarancin mota ake a Alƙahira ba. Ka sauka tukuna, ka tambayi masaukinka ko ɗalibanmu da ke can, ka ga motar da idonka, ka ba da kafin alƙalami kaɗan, cikon sai an dawo da kai ƙofa. Farashin tikitin shiga kuwa a bayyane yake a shafin ma'aikatar yawon buɗe ido da kayan tarihi ta Masar, ka lissafa da kanka. Idan da dattijo ko mara lafiya a tafiyar, a zaɓi ɓangare ɗaya, ko dala ko masallatai, kuma a fara da abin da shi ya fi so tun da sanyin safiya. Da na yi haka, tasi ta awa uku ta ishi Hajiya ta yi sallarta a Azhar.

Tallan da aka nuna mini shekaranjiya sabon suna ne, sabon tambari, an ma ƙara Iskandariya a jerin, garin da ke da nisan fiye da kilomita 200 daga Alƙahira, duk dai cikin yini ɗaya. Lambar asusun ce ba ta sauya ba, na gwada da alat ɗina. A hoto na uku akwai wata tsohuwa da aka ɗauka ta baya, da shuɗin mayafi da sanda, tana kallon dala. Hajiya ce. Ƙanwata ta tura masa hoton ran nan don ya ga halin da ƙafarta ke ciki. A ƙasa ya rubuta: iyayenmu na cikin kulawa ta musamman.