GARGAƊI: Mai kiran kansa ɗan jagoran baƙi a Argungu ya cinye mana naira 420,000

Jama'ar Zamfara da Kebbi, duk mai shirin kai iyali ko ɗalibai yawon buɗe ido Argungu ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai wani mutum da ke da shafi a Facebook, cike da hotunan gidan tarihi na Kanta da na masunta riƙe da homa da gora, yana cewa shi ke shirya wa baƙi masauki da abinci da tsaraba. Mayaudari ne. Naira 420,000 ya karɓa, kuɗin mutum goma sha ɗaya da muka haɗa daga Gusau, kuma ta hannuna suka fita. Dubu ɗari huɗu da ashirin.

Ga yadda ya tsara lissafin: ɗaki huɗu, kwana biyu, kowane dare 20,000, ya kama 160,000. Abinci 80,000. Buhu biyu na shinkafa 'yar gida da kwali biyu na bandar kifi, 180,000. Ba wani farashi na hauka a ciki, ba arha mai sa mutum ya ja baya, kuma da gangan ya yi haka.

Masu cewa ai gaggawa ce ko kwaɗayi, ku ji. Na gwada shi. Na tambaye shi tarihin gidan Kanta, ya ce Sarki Yakubu Nabame ya gina shi a 1831, nan ne fadar sarakunan Kabi har 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. Daidai. Na tambayi bikin kamun kifi, ya ce an fara a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. Daidai. Ya kira ni ta bidiyo yana tsaye a ƙofar gidan tarihin, ina ganin ginin a bayansa. Wa zai ce wannan ba ɗan gari ba ne?

Amma abin da ya kashe mini jiki shi ne maganar nan tasa. Da na ce zan tura kuɗin, sai ya ce, "A'a Malam, kada ka turo duka, ai ba ka san ni ba. Turo rabi, in kun sauka lafiya kun gani da ido sai ka cika." Shi da bakinsa ya ce kada in turo duka. Tun ranar Juma'a maganar nan take dawo mini: ai ba ka san ni ba. Mutumin da ya hana ka ba shi kuɗi gaba ɗaya, ta ina za ka zarge shi? Na tura 210,000 ranar Litinin ina jin na haɗu da mai amana.

Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne. Na gani, na kuma tambaya, kada wani ya ce ban lura ba. Ya ce na ƙanensa ne mai POS, nasa asusun yana da iyaka. Cikin minti goma ya turo hoton rasit mai hatimi da sunan masauki.

Da muka isa masaukin ranar Juma'a da yamma, mai karɓar baƙi ya juya littafinsa gaba da baya, babu sunanmu, babu wanda ya kama ɗaki. Ya kalli rasit ɗin a wayata ya ce, "Alhaji, wannan ba irin namu ba ne, mu ba mu ma da hatimi mai wannan zane." Ga dattawa biyu a mota, ga yara, ga magariba ta gabato. Amma kafin nan, ranar Alhamis da dare, ya riga ya karɓi 130,000, wai mai masauki ya ce baƙi sun yi yawa, in ba a cika ba zai ba wasu. To rabin da ya ce a bari sai an sauka fa? Ban tuna na tambaye shi ba sai yanzu. Sauran 80,000 kuwa ranar Juma'a da la'asar, muna cikin gidan Kanta, yara na kallon masu da takubba da tambura, mai kula da gidan yana nuna mana wajen kaburburan sarakuna, sai ya kira ya ce yaronsa na ƙofa da kaya, shi yana wajen masu dafa abinci. Na fita, ga buhu biyu, ga kwali biyu a Keke Napep. Na buɗe saman kwali, kifi ne manya masu sheƙi. Na tura. 210,000 da 130,000 da 80,000. Daga nan wayarsa ta mutu.

Kayan su ne suka fi ƙona mini rai, don na san kifi. Jeri ɗaya na sama ne kawai tarwaɗa ta kirki. Ƙasa duk gutsattsari ne da kawuna, an shafe su da man gyaɗa don su yi ƙyalli, gindin kwalin kuma garin kifi ne da ƙwari suka ci suka bari. Banda mai kyau in ka karya ta za ta yi ƙaras, cikinta a bushe, ƙamshin hayaƙi kawai. Wannan lanƙwasawa take yi, cikinta da danshi, alamar an yayyafa mata ruwa don ta yi nauyi, kuma irin wannan ba ta kwana uku a rufe ba ta yi funfuna ba. Kwali na biyu har da warin maganin ƙwari, wanda wasu marasa tsoron Allah ke fesawa. Binne shi muka yi, ko kaji ban yarda a ba su ba.

Shinkafar ma haka. Kamar kwano uku na bakin buhu tsayayya ce tas, daga nan zuwa ƙasa karyayya ce da tsakuwa da ƙaiƙayi. Da na sa an soka ƙarfen nan na duba hatsi a tsakiya da gindin buhun, da minti ɗaya ya isa asiri ya tonu. A jihar da ake noman shinkafa kamar Kebbi, a ce mutum ya koma gida da wannan.

Akwai ƙarya ɗaya da ya yi tun farko wadda ya kamata ta tashe ni. Ya ce kifin daga Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi, aka kamo shi. Matan Fada ba a su a cikinta sai ranar biki, a tsare take duk shekara ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, shi ya sa ake samun manyan giwan ruwa ranar gasar. Na san wannan. Na ɗauka salon talla ne kawai na bar shi ya wuce.

Mutanen Argungu ba su da laifi, wannan in faɗa. Mai shayin da ke kusa da masaukin ne ya nemo mana ɗakuna a wani wuri daren nan, bai karɓi komai ba, kuma ya ce ba mu ne na farko da suka zo da irin wannan rasit ɗin ba.

Kada ku biya masauki ta hannun kowa, ku nemi lambar wurin ku kira da kanku. Kuɗin shiga gidan tarihi a ƙofa ake biya. Kifi a zazzage kwali har ƙasa, buhu a soke shi, sannan kuɗi. Sunan asusu ya saɓa da na mai magana, ku tsaya nan.

Na je banki ranar Litinin, suka ce ba za su dawo da kuɗi ba sai da yardar mai asusun ko umarnin kotu. Na kai ƙara wurin 'yan sanda. Hotunan hirarmu, da rasit ɗin bogi, da shaidar tura kuɗi sau uku, da hoton gindin kwalin, duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar mai binciken ya ce babu matsala. Mutum goma da suka ba ni kuɗinsu na ce musu ni zan biya, 420,000 ɗin nan a wuyana take. Wanda mutumin nan ya taɓa yi wa haka ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ana buƙatar ƙarin masu shaida kafin ranar Alhamis.