Kafin Ka Sayi Takardar Buga Zane a Riga, Duba Rigar Tukuna

Matasanmu da yawa a Jidda da Makka sun fara buga zane da sunaye a riguna da ƙaramar firintar gida mai tawada, ana samun na cefane. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayen takardar da ake buga zanen a kai kafin a manna shi a riga da zafi, ana sayenta da ka, alhali launin rigar da yadinta su ne za su zaɓa maka.

Takardar fararen riguna tana da wani siririn shafe na roba wanda ake ganin yadi ta cikinsa. Firintar gida ba ta da farar tawada, don haka duk gurbin da ya kamata ya fito fari, launin rigar ne zai leƙo. A kan farar auduga ko ruwan madara zanen yakan fito tas, da laushi a hannu. Ɗora shi a kan koriyar rigar da ake rububi gabanin Ranar Ƙasa ta Saudiyya, 23 ga Satumba, sai ya dushe. Wannan aikin takardar riguna masu duhu ne, mai farin gindi, wadda ta fi kauri kuma ana jin ta a ƙirji in zafi ya yi.

Da ta fararen riguna dole ka juya hoton kamar a madubi kafin bugawa, domin kife ta ake yi a kan yadi. Wanda ya manta, rubutun Larabci ko na boko zai fito a birkice, riga da takarda sun tafi. (Kalmar Shahada da ke jikin tutar Saudiyya kuwa, don Allah a bar ta, ba a sa ta a rigar da za ta shiga wanki.) Ka yanke gefen zanen kusa-kusa, in ba haka ba wani fili mai ƙyalli zai kewaye shi.

Wasu za su ce maka ka koma bugun sablimeshan, wanda zafi ke sa tawada ta shige cikin zaren yadi. Ba ya fashewa, gaskiya ne, amma yana son tawadarsa ta daban, da yadin foliyesta mai haske, da zafin da ya kai digiri 200. A kan auduga wanki ɗaya ko biyu zai kwashe shi. Ni dai mai farawa da fanilar auduga ina ba shi shawarar takardar fararen riguna, irin su Jet-Pro SofStretch ko Avery, da tawadar figmen (mai ƙwayoyin launi da ba sa narkewa a ruwa) in firintarsa na ɗauka, don ta fi jure ruwa.

Dutsen guga na yi, muddin ka kashe tururi ka danna a kan katako mai tauri. Amma in oda ta fara yawa, sayi makbas, wato injin danna zane a riga da zafi: wajen digiri 190 na daƙiƙa 30, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalin. Duba kwalin kuma ko da zafi ake ɓare takardar ko sai ta huce, kuma ka tabbata ta firinta mai tawada ce, kada kuma ka sa ta a firintar leza, domin zafinta narkar da ita zai yi.

Fara da ƙaramin fakitin A4, ka buga ɗaya, ka jira awa 24, ka juya cikin rigar waje ka wanke da ruwan sanyi. Sauran takardun ka rufe su a leda, laimar Jidda tana nannaɗe su.