Maganin olsa: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kusan shekara huɗu na yi kwalbar farin ruwan nan na olsa ba ta rabuwa da jakata. Ciki ya ɗauki zafi in kurɓa, ya lafa, bayan awa biyu ya dawo. Ban farga ba sai daren da na ga bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ga jiri na ɗibata. A asibiti aka ce gyambon cikin ne, wato olsar, ya fara zubar da jini. Tun daga nan, idan aka tambaye ni wane maganin olsa za a saya, ba na iya ba da amsa a taƙaice.

Yawancin gyambon ciki abu biyu ne ke kawo shi. Na farko wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, da ke maƙalewa a bangon tumbi. An ƙiyasta kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, ko da yake ba kowa take yi wa illa ba. Na biyu magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, idan aka daɗe ana sha. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ƙwayar a 1982, lokacin da ake ɗora laifin kan damuwa da yawan asid. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya ɗaga ruwan da aka raini ƙwayar a ciki ya shanye a 1984, cikin 'yan kwanaki cikinsa ya kamu. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ma'aunina ke nan: maganin da za ka saya, tushen ciwon yake nema, ko raɗaɗi kawai yake kwantarwa?

Farin ruwan da ƙwayoyin taunawa raɗaɗi suke kwantarwa na ɗan lokaci, iyakarsu ke nan, kuma suna hana jiki zuƙar wasu magunguna kamar tetracycline da ƙwayar ƙarin jini idan aka haɗa su lokaci guda. Famotidine, wani maganin rage asid, ya fi su daɗewa a jiki, amma shi ma ba ruwansa da ƙwayar cutar. Ɗan'uwansa ranitidine kuwa kada ka saya: a watan Afrilun 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a janye shi daga kasuwa saboda sinadarin NDMA da ake zargi da kawo kansa, ƙasashe da dama ma sun dakatar da shi.

Omeprazole da danginsa, irin su esomeprazole da pantoprazole, magunguna ne na gaske. Suna rage fitar asid tun daga tushe, gyambo ya samu sararin warkewa cikin mako huɗu zuwa takwas, musamman idan ana sha kamar minti talatin kafin karin kumallo. Wanda maganin ciwon jiki ne ya ji masa ciki, sau da yawa wannan ya wadatar, muddin ya daina shan abin da ya jawo. Amma idan ƙwayar na nan, da an ajiye maganin sai ciwo ya komo.

Zaɓina, kuma ba na ɓoyewa, shi ne a yi gwaji, idan an ga ƙwayar a kashe ta. Tsarin da aka fi sani magani uku ne: omeprazole ko makamancinsa, da amoxicillin, da clarithromycin, safe da yamma har kwana 14. Sai dai ƙwayar ta fara gagarar clarithromycin a wurare da yawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta a 2017 cikin jerin ƙwayoyin da ake buƙatar sababbin magungunansu da gaggawa. Shi ya sa likitoci da dama suka koma tsarin magani huɗu: mai rage asid, da bismuth, da tetracycline, da metronidazole, kwana 10 zuwa 14. Wannan na sha a karo na biyu, kuma da shi Allah Ya ba ni lafiya. Ba shi da daɗi. Ƙwayoyin maganin suna da yawa, baki yana ɗaci kamar ka tsotsi ƙarfe, bismuth yana baƙanta harshe da bayan gida, ga tashin zuciya. Amma wahalar mako biyu ce, bayanta na ajiye kwalbar da na yi shekaru ina ɗauka. Kuma ba gyambo kaɗai ake gudu ba, tun 1994 aka sanya wannan ƙwaya cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansar ciki. Likita ne zai zaɓa maka tsarin, domin wanda jikinsa ba ya karɓar penisilin ba ya shan amoxicillin, mai juna biyu kuma ba ta shan tetracycline. Kada ka tsaya a kwana na biyar don ka ji sauƙi, ƙwayar da ta tsira ita ce za ta gagari magani gobe.

Gwajin ma akwai zaɓi. Na numfashi da na bayan gida su ne ke nuna ƙwayar na nan a yanzu. Na jini kuwa shaidar cewa ta taɓa shiga jiki kawai yake bayarwa, yana iya ci gaba da nunawa shekaru bayan an warke. A kan wannan ake cutar mutane: a yi maka gwajin jini bayan ka gama magani, a ce har yanzu tana nan, a sake sayar maka da wani kwalin. Sannan omeprazole yana ɓoye ƙwayar, don haka ana dakatar da shi mako biyu kafin gwaji, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da bismuth kuma mako huɗu.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Karon farko da aka rubuta mini maganin ukun nan, na bi araha na sayi kwalin da aka haɗa su wuri guda a hannun wani mai sayarwa. Na shanye kwana 14 cif, gwaji ya nuna ƙwayar na nan daram. Da na kai wa wani masanin harhaɗa magunguna ragowar kwalin, sai ya nuna mini lambar da ke jikin kwali daban, wadda ke jikin fallen ƙwayoyin daban. Jabu na yi mako biyu ina haɗiya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya ce kusan magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki jabu ne ko marar inganci. Don haka ka duba lambar rukunin da aka sarrafa maganin da ranar ƙarewar wa'adinsa, su zo ɗaya a kwali da falle. Ka duba lambar rajistar hukumar magunguna ta ƙasarka. Rubutu mai dishi-dishi, kuskuren haruffa, kwalin da aka sake liƙewa, farashin da ya faɗi ƙasa fiye da hankali, kowanne ya isa ka mayar. Kafson omeprazole yawanci 'yan ƙananan ƙwayoyi ne a cikinsa masu rufin da ke kare su daga asid, idan ka buɗe ka ga gari zalla ka yi shakka. Kada ka yarda a ƙirgo maka ƙwayoyi tsirara a leda ba suna ba kwanan wata.

Sai masu haɗe-haɗen da ake tallatawa a intanet, wai kwalba ɗaya ta raba ka da olsa har abada, ta kuma warkar da cuta goma. Hukumomin magunguna sun sha kama irin waɗannan da aka zuba wa diclofenac ko wasu magungunan ciwon jiki a ɓoye. Mai gyambo ya sha ya ji jikinsa ya saki, ya ɗauka sauƙi ne, alhali abin da ke huda masa ciki yake ƙarawa. Duk wanda ya ƙi faɗa maka abin da ke cikin kwalbarsa, kada ka ba shi cikinka.

Wanda ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ba tare da yana shan bismuth ko ƙwayar ƙarin jini ba, ko yake ramewa ba dalili, ko haɗiya take yi masa wuya, wannan ya wuce batun sayen magani. Asibiti zai nufa a ranar, a zura masa na'urar leƙa ciki a ga abin da ke faruwa. Wanda kuma ya gama maganin kashe ƙwayar, ya jira aƙalla mako huɗu, sannan ya koma a yi masa gwajin numfashi ko na bayan gida don a tabbatar ta mutu.